Hutun Yaye a Tsakiyar Gulbi

Maigidana ne ya raɗa wa tafiyar suna hutu. Ni kuwa na san yaye za mu kai. Ɗanmu ya kusa shekara biyu, ya kai yana gama shan nono ya goge baki ya nemi tuwo. Inna, mahaifiyata, ta aiko daga Gummi cewa a kai mata shi, a bar mata shi har ya manta da nono, kamar yadda aka saba. Sai dai a lokacin ba ta cikin gari. Idan ruwan damina ya fara ja, ita da Baba sukan tare a wani tsibiri a tsakiyar gulbin Zamfara, shi yana su, ita tana bandar kifi da kula da 'yar gonar dankali da kankana.

Jin an ce tsibiri, sai kan maigida ya ɗauki zafi. Malamin makaranta ne a Anka, yana kuma da aboki a ƙasar waje mai turo masa hotuna a waya: farin yashi, itatuwan kwakwa, ruwa kamar an zuba masa shuni. Ya ce ai mu ma Allah ya ba mu namu. Ya sayo baƙin tabarau biyu, babba nasa, ƙarami na yaron, ya kuma tono wani gajeren wando mai furanni da ban san yana da shi ba.

Ni abin da ke raina daban ne. Yaron nan ɗan fari ne, a gidanmu kuwa uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya. Yayanmu har ya yi gemu ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, "wancan" take ce masa. Haka na taso, haka na riƙe. Maƙwabtana a Anka suna yi mini dariya, wai ni 'yar da ce. Ko mu biyu ne a ɗaki, zan yi masa waƙa, in yi masa rawa, amma sunan ba ya fita daga bakina. "Kai" nake ce masa. To ga shi zan ajiye shi a hannun Inna in juya, kuma ba a son a ga ko ɗigon hawaye a idona. Tsoron wannan ya hana ni sakewa tun a mota.

Daga tasha muka hau babur zuwa bakin gulbi. Maigida ya laɓe bayan wata giginya ya sauya kaya, ya fito da wandon furanni da tabarau, ƙwaurinsa fes a waje. Yana cikin gyara tsayuwa in ɗauke shi hoto sai ga jirgi ya taho ɗaukarmu. Mai tuƙin kuwa Baba ne da kansa.

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya zura doguwar riga da irin wannan sauri ba. Duk lissafin da ya yi na tsibiri, ya manta tsibirin na surukansa ne. Ya zube a cikin taɓo yana gaisuwa, tabarau na lilo a kunne ɗaya. Baba ya kawar da kai yana kallon ruwa, ya ce, "Malam, kun sha hanya. Ku shigo, ku yi a hankali, jirgin ga shina da santsi."

Daga nan hutun maigida ya ƙare. Kwana biyun da muka yi a cikin doguwar riga ya yi su, yana durƙuso safe da yamma. Ba ya iya cin abinci a gaban surukai, sai a kai masa can bayan bukka, ya ci, daga shi sai kwaɗi. Wanka a gulbi kuwa, ina! Duk inda ya nufa, Inna na hango shi daga wurin banda. Kwakwa babu, sai goriba biyu da sauro masu ƙoshin lafiya. Duk da haka ya samu ya ɗauki hoton ƙafarsa a kan yashi ya tura wa abokin.

Wanda ya ci hutu shi ne yaron. Inna na ganinsa ta rangaɗa guɗa.

"Ga mijina ya iso! To mi ka kawo min? Ba goro, ba zane, sai ƙaton ciki?"

Ta kira sunansa, ta sake kira, Baba ma haka, kamar suna yi mini gwalo. Ita kaka ce, ba ruwanta da kunya. Kafin la'asar yaro ya zama ɗan gari. Ya kori tsuntsaye daga gonar kankana, ya yi wa taru fitsari, ya mayar da tabaransa cokalin ɗibar yashi. Baba ya gasa masa ƙaramin kifin karfasa, ya cire ƙaya, yana ba shi a baki. Ni ina daga nesa ina tsince dankali, ina satar kallonsa ta ƙasan ido. Ya faɗi a ruwa mara zurfi, na zabura. Inna ta dube ni sau ɗaya, na koma na zauna kamar tururuwa ce ta cije ni.

Ranar Juma'a da safe aka ba shi rubutun yaye da Baba ya karɓo wajen malami, aka bi masa da kunu mai zuma. Ya shanye ya miƙa ludayi a ƙara. Inna ta ja ni gefe.

"Ki tashi ku tahi tun hankalinai na wurin kihi. Kada ki yi mai sallama, kada ki waiwayo. Ke ma haka anka yi maki, ga ki nan ba ki mutu ba."

Na ce to. Na ɗauki jaka, zanin goyon yana ciki a ninke, bayana babu nauyi kamar ba nawa ba. Wani masunci maƙwabcin Baba ne zai ƙetarar da mu. Na shiga jirgi na zauna, na kafa ido a kan ƙafata. Duk jikina kunne ne, ina jiran kukansa. Na shirya yadda zan daure idan ya tsala ihu.

Shiru.

Mun kai tsakiyar ruwa, har yanzu shiru. Maigida ya leƙa ya yi dariya. "Kin gani? Ko a jikinai. Wasa shikai."

Sai na waiwaya. Yana tsugune a bakin ruwa, ya ba ni baya, yana tsokanar wani kifi a cikin ƙwarya da tsinke. Haushi ya kama ni, haushi na gaske. Duk goyon nan, duk nonon nan, a sayar da ni a kan kifi ɗaya? Ban san lokacin da na miƙe ba, jirgi ya yi tangal-tangal, masunci ya ce, "Ke, zamna!" Na buɗe baki na ƙwala masa kira da sunansa, sunan yanka, cikakke, gulbi ya amsa.

Maigida ya saki baki. Masunci ya sunkuyar da kai yana tuƙi.

Yaron ya ɗago. Ya dubi Inna. Ya juya ya dubi Baba. Ya leƙa bayan bukka yana neman wanda ya kira shi. Wajena ne kaɗai bai duba ba, don bai taɓa jin sunan nan da muryata ba.

Na tsaya ina jiran faɗan Inna ya ƙetaro ruwa ya same ni. Sai na ga ta ajiye wuƙar gyaran kifi, ta goge hannu a zani, ta tsuguna a bayansa. Ta kama kansa da hannu biyu ta juyo da fuskarsa wajen jirgi, ta nuna masa ni.

"Sake kira," in ji ta da ƙarfi. "Bai ji da kyau ba."