Surukai a Ɗakin Haihuwa

Ungozoma ce ni, ta asibiti. A shekarun da sojoji suka koma bariki 'yan siyasa suka karɓa, ina aiki a wani ɗan ƙaramin asibiti a Tarauni. Farar hula sun zo mana da abu biyu, fenti da bita. Bini-bini sai a kira mutum ɗaya daga cikinmu a kai shi otal a koya masa sabon abu, ya dawo da jaka da biro. Tsarinmu shi ne, wanda ya je ya zauna da shugabar ɗakin haihuwa ya zayyana mata abin da ya jiyo, ita kuma ta tara mu ta sanar.

Shugabar tamu Hajiya muke ce mata, dattijuwa mai sa'ar hannu, a gabanta na goge. Babban ɗanta ya auri wata nas 'yar Gyaɗi-Gyaɗi, sai wani mai neman lada a sakatariya ya turo yarinyar wajenmu, wai ta yi aiki kusa da gida. Daga ranar aiki ya koma wasan ɓuya. In Hajiya ta shigo ta gaba, amarya ta sulale ta baya. Ita ma Hajiyar, tunda ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya hira da matarsa. Mu kuwa tsokanarsu muke yi muna shan dariya.

Ina hutun haihuwa aka tura amarya bita, ban ma san an yi ba. A satin da na dawo, da hantsi, aka shigo mana da wata yarinya daga Ƙauyen Alu, cikin fari, wata tara, ƙafafu sun kumbura suntum. Jijjiga ce, ciwon nan da ke kama mai ciki in jininta ya hau, ta yi ta fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Ta riga ta tauni harshenta. Uwarta na riƙe da kanta tana ta salati.

Hajiya ta ce a kawo allurar da muka saba, mai sa barci. Na yi mata. Jikin ya lafa kaɗan, can ya sake tashi fiye da na farko. Na ɗaga kai na ga amarya tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, kai a ƙasa, leɓenta na motsi. Raina ya ɓaci, na ce, "Ke, in ba kamawa za ki yi ba, ba mu hanya."

Da jijjigar ta sake tashi, Hajiya ta ce a tafi babban asibiti. Mota babu, sai a-daidaita-sahu. Ni da amarya muka rungume yarinyar a baya, uwar ta maƙale a gefe. A Gyaɗi-Gyaɗi cunkoso ya riƙe mu, ina jin numfashin yarinyar yana canjawa a ƙirjina.

Wata likita ce ta karɓe mu. Tana duba idon yarinyar ta ce, "Kun yi mata allurar farko?" Na faɗi abin da muka yi. Ta ce, "Ba wannan ba, sabuwar. An daina waccan. An raba muku sabuwar, an kuma ba ku lambar da za ku kira mu shirya gado kafin ku iso."

Ni da saurin baki na ce, "Likita, mu dai ko ƙwaya ba a ba mu ba."

Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa. "Anti, an ba mu. Tana cikin kabad, ƙarƙashin auduga."

Muryar amarya ce. Kabad ɗin nan ni na buɗe shi da hannuna na ɗauko tsohuwar allura. Na juya ina kallon amarya.

An shiga da yarinyar tiyata, aka ciro jaririn da rai. Ita ba ta farfaɗo ba, kafin la'asar ta cika.

A baranda na tsare amarya na ce me ya hana ta magana. Tana kuka ta ce, "Anti, ni in zaunar da Hajiya in ce mata abin da take yi an daina? Na ce in kin dawo in faɗa miki ki faɗa mata. Kin dawo, kullum kuna tare." Kamar in kwaɗa mata mari. Yarinya mai ilimi, ta fi mu takarda, ta tsaya tana kallon mutum yana tafiya.

Na koma na sami Hajiya tana alwala, na faɗa mata ba tare da na tausasa ba. Ta ajiye buta. Sannan ta ce, "Na ga kwalin allurar. Na san ita ta kawo shi. Na ce in ta shirya za ta aiko a faɗa mini." Wannan ya fi na farko girgiza ni, don na ɗauka ita ba ta san komai ba.

Washegari Hajiya ta tara mu, ta zauna a bencin marasa lafiya, ta ce a ɗauko kwalin. Amarya ta tsaya ta yi bayani, yadda ake haɗa allurar, inda ake yin ta, abin da ake lura da shi a numfashi da fitsari, da lambar da ake kira. Duk bayanin ni take kallo, kamar ni kaɗai ce a ɗakin, Hajiya kuwa tana kallon siminti.

Da ta gama, Hajiya ta ɗago ta dube ta, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Da an yi mata wannan jiya, da tana nan?"

Amarya ta waiwayo wajena. Na kau da kai, don wannan ba saƙon da zan ɗauka ba ne. Sai ta ce, "Rai na Allah ne, Hajiya. Amma a bita sun ce yawanci suna tashi."