Ƙusar da Tobie Ya Ba Mama

Ƙanena Tobie Kotze mutum ne da in ya ga gajimare ɗaya a sama sai ya koma ɗaki ya ƙara kofi. Haka yake tun muna yara a gonar tumakinmu, gabas da Keetmanshoop. Ni in haye doki ba sirdi, shi kuwa ya zagaya jaki, ya duba masa kofato, sannan ya ce bari dai ya taka da ƙafa. In muka dawo gida ni a tare ni da bulala, shi a miƙa masa busasshen nama mai kitse. Ban ce Mama ta fi son sa ba. Na dai ce mai kitsen nasa ne kullum.

Da Baba ya rasu aka raba mana gonar, ni na riga shi sayen ƙaramin jirgin sama, don duba kwamin ruwa da shingen waya a mota wuni guda yake ci. Na iya tuƙi kuwa, wannan ko maƙiyina ba ya musu. A rumfar matuƙa ta filin saukar garinmu, inda muke gasa nama ranar Asabar, akwai al'ada: duk wanda injinsa ya mutu a sama ya sauko da jirgin da hannunsa, sai a rataye farfelarsa a bango a rubuta sunansa. Tawa tana nan, Barend Kotze, daidai saman firjin.

Amma Mama Hendrina ba ta taɓa shiga jirgina ba. Na ɗauki fasto, na ɗauki likitan dabbobi, na ɗauki rago mai karyayyar ƙafa. Ita kuwa in na yi mata tayi sai ta dubi jirgin, ta dube ni, ta ce, “Kai Barend, ko a keke ban yarda da kai ba.” Abin da nake so a duniya bai wuce in juya in gan ta zaune a damana ba, da jakarta a cinya.

Tobie bai koyi tuƙi ba sai da furfura ta fito masa. Ya sayo wani ɗan jirgi mai kujera biyu, irin wanda ake ɓoye wa lema a bayan kujeru. Ba lemar da mutum ke goyawa ya yi tsalle ba, ta jirgin ce gaba ɗaya. Akwai jan mariƙi a saman kai, in ka ja shi roka ta fasa rufin ta fito da lemar, jirgi da mutanen ciki su sauko a rataye. Mutum ya tsira, jirgin kuwa sai dai a kwashe.

Ranar da ya kawo shi rumfa mun sha dariya.

“Tobie, ruwa za a yi ne ka sayo lema?”

“Yaya, ka bari mana.”

“A'a, tambaya nake. Ko rana ce take damun jirgin? In ka ja wannan abin, me za mu rataye maka a bango, ɗan kamfai?”

Ya yi murmushi ya ci gaba da juya nama. Amma na ga ya ɗaga kai ya dubi farfelata, ya daɗe yana kallo.

Sai bikin jikar Mama ya taso a Swakopmund. Ƙugunta ba zai ɗauki doguwar hanyar mota ba, likita ya ce sai dai ta sama. Na wanke jirgina har da tayoyi, na sa mata matashi. Da safe muka jera jiragen biyu a filin gona, ta fito da sandarta ta wuce nawa kamar ba ta ga komai ba.

Tobie yana da wata ɗabi'a. Mariƙin lemar yana da ƙusa mai jan ƙyalle da ke kulle shi in jirgi na ƙasa, kuma matuƙa da yawa kan manta ta a ciki su tashi. Shi sai ya zare ta ya damƙa wa fasinja, don in ƙusa na hannun wani to ba ta cikin mariƙi. Ya ba Mama, ya ce, “Mama, in na suma ko wani abu, hannu biyu za ki sa a jan mariƙin nan, ki rataya da duk nauyinki.”

Ta juya ƙusar a tafin hannunta. “Wato ni ma ina da abin ja?”

“Kina da shi.”

Ta jefa ta a jaka ta hau. Ni kuwa a kujerar da na sa wa matashi aka ɗaura kek ɗin amarya.

Ina biye da su a baya, muna saman duwatsun nan da ko akuya ba ta son su, sai na ga farfelar Tobie ta tsaya cak. Muryarsa ta shigo rediyo siririya: “Yaya, inji ya mutu.”

Na leƙa ƙasa. “Akwai busasshen rafi a damanka. Sunkuyar da hancin jirgin, za ka kai. Ni da ido a rufe zan sauka a nan.”

Har gobe ina nan a kan bakana, da ni ne da na sauka. Ya danna maɓallin rediyo zai amsa mini, tsoro ya hana shi sakewa, don haka ni da duk manomin da ya kunna rediyonsa a ranar mun ji sauran.

“Tobie, me ya sa abin gaban ya daina juyawa?”

“Mama, yi shiru, zan gwada rafin can.”

“Wane rafi? Duwatsu nake gani. Ka ja abin nan.”

“In na ja, jirgin ya tafi ke nan. Yaya ya ce zan kai.”

“Yayanka ya ce! So kake a rataye maka katako a bango kamar shi? Kauce mini.”

Matar da ta yi shekaru tana zaro 'yan tumaki daga cikin uwayensu ba ta rasa ƙarfin hannu ba. Na ji ƙara, na ga hayaƙi, sai ga lema ja da fari ta buɗe, ɗan jirgin yana lilo a ƙarƙashinta. Ya dira tsakanin duwatsu, ƙafafunsa suka baje. Na yi ta zagaye har na ga Tobie ya fito, ya zagaya ya ciro ta. Ta ɗaga mini sanda. Ban san ko gaisuwa ce ko zagi ba.

Wani maƙwabci ya kwaso su a a-kori-kura, kuma an yi biki da su. Kek ya isa ko ƙwarzane babu, amma ba wanda ya tambayi wa ya kawo shi. Kowa Tobie, Tobie mai hangen nesa, Tobie da ya ceci uwarsa. Mutumin da ko mariƙin bai taɓa ba! Asabar ta gaba na shiga rumfa na tarar an rataye jan mariƙin a bango da sunan Hendrina Kotze. A saman farfelata suka sa shi, wai nan ne akwai ƙusa.

Na haɗiye abin da na haɗiye, na kai jirgina aka sa masa lema. Ta cinye mini wurin kaya kaf. 'Yan rumfa suka tambaye ni ko ruwa za a yi, na ce wa kowa ya ji da namansa.

Da lokacin ganin likitanta a Windhoek ya zo, Tobie ba jirgi, sai nawa. Na zare ƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Ta jefa a jaka, ta hau, ta gyara matashi. Na zauna a hagunta, na juya na gan ta a damana da jaka a cinya, na kai hannu zan tayar da inji.

Ta ce, “Jirgin ya yi kyau, Barend. To sauka ka ba ƙanenka wuri.”

“Mama, jirgina ne fa. Lemata ce.”

“Na sani, ɗan nan. Amma kai in inji ya mutu riƙe mini hannu za ka yi, ka ce ka ga rafi. Shi wancan ba ya iya yi mini gardama.”

Tobie yana tsaye a gindin fiffike yana murza hula. “Yaya, in ba ka so...”

“Hau, malam, kafin ka ga gajimare.”

Sai da ya zagaya jirgin ya duba tayoyin da na wanke da hannuna, sannan suka tashi. Ni na bi su a a-kori-kura, da akwatinta da ya rasa wuri saboda lema.