Mai Duba Leɓen Majinyata

A gidan jinyar waɗanda likita ya ce sai jiran lokaci, can bayan kasuwar birnin Cuenca, wata dattijuwa tana bin ma'aikaciya ɗaki-ɗaki. Gajeruwa ce, jelar kitso biyu har gadon baya, ta rungume hularta ta kaba a ƙirji. Na ji ana kiranta Doña Eufemia. Mijinta na kwance a gida, kuma yau za ta yanke shawarar ko a nan zai ƙarasa kwanakinsa.

Ana nuna mata sababbin gadaje da takardun yabo a bango, ko kallo ba su ishe ta ba. Bakin majinyata take leƙawa. Da gani ta taɓa jinyar wani har ƙarshe, wataƙila mahaifiyarta, ta san mai shirin tafiya ba ya iya roƙon ruwa.

Ga ta nan ta duƙa kan wani tsoho. Leɓensa a jiƙe yake.

"'Yata, wa ya shafa masa ruwa?"

"Ni ce, Mama," in ji ma'aikaciyar tana dariya. "Gida kika zo dubawa ko baki?"

Dattijuwar ko murmushi ba ta yi ba. Sai murza gefen hular take yi.

"To, ranar hutunki fa, wa ke shafawa?"