Haddar Ƙamus

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ni masinja ne a ofishin gona. Aka kwaso mu da tebura da fayiloli zuwa Birnin Kebbi, sai ga kujeru sun fi mutane yawa. Wata safiya shugabanmu ya tara mu ƙananan ma'aikata ya ce ana neman akawu a ofishin Argungu, kuma bayan wata huɗu zai gwada duk mai so. Sharaɗi ɗaya ne: a ba ka wasiƙar Turanci, ka karanta, ka faɗi abin da take nufi.

Ni kuwa aji huɗu na tsaya a firamare. Amma shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar takardun mutane a keke, ƙafafuna sun fara kai ƙara. Kujerar nan nake so.

Wani malamin makaranta, maƙwabcina a Badariya, ya ara mini ƙamus, ƙato kamar bulo. Bai ce mini ga yadda ake amfani da shi ba, ni ma ban tambaya ba, don kada ya raina ni. Gidanmu gidan malamai ne, mun san yadda ake yi wa littafi. Daga farko ake farawa, ba a tsallake layi, ba a wuce shafi sai an haddace shi. Haka na yi. Bayan La'asar in shimfiɗa buzu a tsakar gida, in ɗauki kalma goma da ma'anarsu, in yi ta maimaitawa da ƙarfi ina rangaji. Ranar Alhamis kuma tilawa, daga shafin farko.

Uwargida ta yi haƙurin sati biyu, sannan ta fito da muciya a hannu.

"Malam, wai mi kaka karantawa haka? Maƙwabta sun hwara tambaya ko wata ɗariƙa ka shiga."

Na ce, "Ilimi nika nema. Kin san Turawa suna da kalma guda ta sarkin da ya sauka daga mulki da kansa?"

Ta ce, "To mu nan wa ka taɓa gani ya sauka da kansa? Ka koyo ta shinkafa mana."

Na duba. Ta shinkafa tana can wajen ƙarshen littafin. Na gaya mata sai nan da shekara shida in Allah ya kai mu.

Kada ku ɗauka ban ƙaru ba. Na san sunan shugaban masu ibada a gidan sufayen Nasara. Na san wata dabba mai dogon baki da ke cin tururuwa, wadda har yau ban haɗu da ita a fadamar Ambursa ba. Ranar gwaji ina tsakiyar harafi na uku, kuma duk abin da ke bayana, ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi.

Shugaba ya miƙo mini wasiƙa. Na karanta tiryan-tiryan har na zo kan wata kalma da ta fito sau uku, kuma a kanta duk maganar ta rataya. Na kalle ta, ta kalle ni. Da harafi na biyar ta fara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban iso nan ba tukuna."

"Ba ka iso ina ba?"

Na ciro ƙamus daga jakata, na nuna masa inda na sa tsinke. Na ce saura harafi biyu, da za a ɗaga gwajin zuwa baɗi, da an ga aiki.

Ya buɗe wani shafi a baya, ya ja mini kalma. Na kawo ma'anarta, na haɗa masa da ta bayanta da ta bayan wannan. Ya ƙara, na ƙara. Sai ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari.

"Malam, wa ya ce maka hadda ake yi? Nema ake yi. Buɗe ka duba."

Wallahi sai na ji kamar an ce in tsallake mahaifina yana zaune. Na yi bisimilla, na tsallake shafi fiye da ɗari. Ga ta nan. Zaizayar ƙasa ce. Ashe manoman bakin gulbi ne ke kukan ruwa yana cinye musu gona. Wannan kuwa na san shi tun ban san keke ba. Na yi masa bayanin wasiƙar, har na ƙara da abin da mai rubutun ya manta, cewa gaɓar da aka sare bishiyoyinta ita ke fara tafiya.

Ya ce in je in shirya kayana.

Ranar Litinin na sauka Argungu da babbar riga da ƙamus a hammata. Aka nuna mini tebur da kujera mai hannu. Ina zama wani dattijo ya shigo da takarda, ya durƙusa ya ce, "Ina akawu?" Sai da na waiwaya bayana, sannan na tuna ni ake nufi.