Lallen da ke Bayan Ɗakin Inna

Gidanmu na Matameye kakana ne ya gina shi da tubalin ƙasa, tun ba a haifi Baba ba. Zaure ɗaya ne, da ɗakin Kaka, da na Inna, sai ɗakin Baba da ke rufe rabin shekara. Duk rufin soro ne, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an share bakin indararo. Ba a taɓa ƙara wa gidan komai ba sai shekarar da nake aji biyu a lise, wato babbar sakandare, lokacin da aka sa ranar auren yayana, wanda har lokacin a zaure yake kwana.

Baba ɗan ci-rani ne. Da an gama ɗaure gero an zuba a rumbu sai ya kama hanyar Ibadan, inda yake da teburin shayi, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Tare suke tafiya da yayana. Gini kuwa da rani ake yin sa, saboda haka ɗakin amarya a bayan idonsu za a tayar da shi.

Ana gobe za su tafi, Baba ya kira ni bayan ɗakin Inna. Akwai fili a wurin, tsakanin bangon ɗakin da katangar maƙwabta. Ba komai a ciki sai tsohon turmi a kife da wani ɗan lalle da ya fito a kusurwa, daidai ƙarƙashin indararo. Ya ja layi a ƙasa da dunduniyarsa.

"Ke ce mai lissafi a gidan nan," in ji shi. "Mita huɗu da huɗu, bulo da kwano. Ki zana a takarda ki ba magini. Dangin yarinyar sun riga sun ba kafinta aikin gado da sif, kada a kawo kaya daga Kance su ƙi shiga, mu ji kunya. Ko taƙi ɗaya kar a rage."

Na ce to. Ni ba mai magana ba ce, a aji ma sai malami ya kira ni sau biyu kafin a ji muryata. Amma abin da aka ba ni a takarda ba na wasa da shi. Na aro ma'aunin telan unguwarmu, mai tsawon mita ɗaya da rabi, na auna filin sau uku. Na zana ɗakin a kayen lissafina, littafin rubutun nan mai gida-gida, kowane gida biyar mita ɗaya. Filin ya ɗauki huɗu da huɗu cif, ba rarar komai, in dai sabon bango ya manne da na Inna.

Bayan wata biyu Baba ya aiko aka buga bulo. Magini ya zo, wani dattijo mai yawan barkwanci da ya yi rabin gine-ginen unguwarmu. Ya duba zanena, ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya a tsakaninsu, ya ce ranar Asabar za su zo haƙa harsashi. Igiyar ta bi ta kan lallen, turke na huɗu yana gindinsa.

Washegari kafin in tafi makaranta na leƙa, na tarar turken nan ya matsa gefe kamar kamu biyu, igiya ta saki. Na ce aikin akuyarmu ne. Na sake aunawa na mayar da shi. Kashegari ma haka na tarar. Wannan karon na samo dutse na buga turken har ya nutse rabi, ina yi ina ta faɗa da akuya, ita kuwa tana can tana tuƙa abinta. Inna tana shara a tsakar gida, ba ta ɗago kai ba.

Da na dawo da azahar Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ita ce mahaifiyar Baba, kuma Malama take kirana tun ranar da aka sa ni makaranta.

"Malama, zo ki taya ni." Na zauna na ɗebi gyaɗa. Sai da Inna ta shiga madafa sannan ta ce, "Akuyar nan da kike zagi tun jiya, ita ta haife ki."

Na tsaya ina kallon ta.

"Kin taɓa jin uwarki ta ɓoye sunan yayanki?"

"A'a, Kaka."

"Gatsau take kiran sa, ko? Duk karatun nan naki ba ki taɓa tambayar kanki dalili ba?"

Gaskiya ban taɓa ba. Na san mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta damu da shi. Na ga haka a gidajen ƙawayena. Na ɗauka Inna ce kawai ba ta bi wannan ba.

Kaka ta ce akwai wadda ta riga yayana. Mace ce. An haife ta da sanyi, ta rasu kafin ruwan farko, Baba yana ci-rani, bai taɓa ganin ta ba. Maza suka kai ta makwancinta, kuma yau ko su ba za su iya nuna wurin ba. Amma mabiyiyarta, mahaifar da ta biyo ta, Kaka ce da hannunta ta wanke, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, kamar yadda ake yi wa kowane jariri. Bayan rasuwar sai Inna ta dasa reshen lalle a kan wurin.

"Ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya," in ji Kaka. "Ƴar fari ce, da wane ido? Lallen kawai take zuba wa ruwan alwala. Yau shekara ashirin da wani abu."

Na ce, "To a gaya wa Baba mana."

"In gaya masa, ya gaya wa magini, magini ya gaya wa leburori? Kafin la'asar an ji a bakin rijiya. Uwarki kuwa da ta ji ana maganar za ta ce a haƙa, ba komai, ai ƙasa ce. Kuma ƙasar ce, ba abin da za a tarar. Sai a zuba siminti a kai, ta ci gaba da shara kamar ba a yi ba." Ta watsa ɓawon gyaɗa a faifai. "Takardarki ce ta sa igiya a wurin. Takardar ce kuma za ta cire ta."

Ranar Laraba ce. Na zauna da kayena bayan la'asar. Matsar da ɗakin ba zai yiwu ba, katangar maƙwabta ta tare. Rage shi gaba ɗaya kuma Baba ya hana. Abin da ya rage shi ne a gutsure kusurwa ɗaya, mita ɗaya da ɗaya, bango ya karyo ciki ya zagaye lallen. Sai dai ban sani ba ko kayan amarya za su shiga. Akwai wata ƴar Kance a ajinmu da ta san gidansu amaryar, na roƙe ta ta tambayo mini awon gadon da na sif a wurin kafinta. Ta yi mini dariya, ta ce ko ni za a kai wa kayan, amma ranar Juma'a ta kawo a rubuce. Na yanka ƴan takardu daidai girmansu, na yi ta juya su a kan zanen. Gado ya shiga. Sif ma ya shiga, in aka jingina shi da bangon gabas, sai dai ƙofarsa ɗaya za ta riƙa taɓa gado.

Na kuma tanadi hujjar da zan ba magini, kuma ba ƙarya ba ce: indararon ɗakin Inna a wannan kusurwa yake zuba, in aka toshe wurin ruwa zai ci tsohon bango.

Ranar Asabar suka zo da diga da shebur. Na fito da hijabina da kayena, na gaishe da magini, na miƙa masa sabon zanen. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Injiniya, ɓera ne ya ci miki takardar?"

Leburorin suka fashe da dariya. Na ce, a hankali, saboda indararo ne.

"Indararo? Wannan ai aikin rabin yini ne. In cire shi in mayar ta kudu, shi ke nan. Tun ba a haife ki ba nake gini, ban taɓa tayar da ɗaki mai kama da burodin da yaro ya gatsa ba. Mutane su wuce su ce wa ya yi wannan, a ce ni?"

Hujjata ta ƙare a nan, ban tanadi wata ba. Na ce, "Haka yake a takarda."

"Takardar farko fa? Ita ba takarda ba ce?"

"Haka yake a wannan."

Ya ce to bari a ji daga bakin mai gida. Ya ciro wayarsa ya kira Ibadan, ya yi bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji, har da burodin. Sannan ya miƙo mini. Ina jin ƙarar motoci da ƙarar cokali a kofi ta cikin wayar.

"Me na ce miki kafin in taho?" in ji Baba.

"Ka ce kar a rage."

"To wa ya ce ki rage?"

Na juya wa mutanen baya, na matsa jikin katanga. Inna tana bakin madafa da tsintsiya a hannu, ba ta shara. Na yi niyyar in sake kawo maganar indararo, na ga ba ta da amfani.

"Baba, kayan za su shiga, na gwada. Lallen Inna ne a wurin."

"Lalle? Don lalle za a ɓata ɗaki? A dasa mata wani a…"

Bai ƙarasa ba. Na ji wani yana kiran mai shayi, Baba bai amsa masa ba.

"Wanda ke ƙarƙashin indararo?" ya ce.

"Shi."

"Tun yaushe yake wurin?"

"Ya girme ni. Ya girmi Yaya."

Sai ya ce in ba magini wayar. Ban ji abin da ya faɗa masa ba, gajere ne. Magini ya mayar da wayar aljihu, ya dube ni, ya dubi lallen, ya ce wa leburorinsa, "Ku kawo turaku biyu. Yau injiniya ce da gari." Bai sake tambayar dalili ba. Da suka zo haƙa ta wajen ma, shi da kansa ya karɓi digar, ya kuma kifa turmin nan a gefen lallen don kada ƙasa ta danne shi.

An gama ɗakin kafin su Baba su dawo. Daga tsakar gida ba a ganin komai, sai an zagaya ake tarar da ɗan lungun, bangon ƙasa a gefe ɗaya, bulo a gefe biyu, lalle a tsakiya. Da aka kawo jere, gwaggon amarya ta tsaya ta ce wannan wane irin ɗaki ne, Kaka ta ce mata sabon yayi ne daga Ibadan. Gado ya shiga, sif ya shiga. Har yau yayana yana mita cewa ƙofar sif ɗinsa ba ta buɗuwa duka, kuma laifin masu boko ne.

Ban taɓa yin maganar da Inna ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba. Baba kuwa, ranar da ya dawo, ya shiga ɗakin ya duba rufi da daɓe, ya fito ya zagaya baya shi kaɗai. Ya ɗan jima a can. Da ya dawo sai ya ce wa yayana, in an tashi yaɓen bana, indararon nan a bar shi inda yake.