Sabi'u, Ya Ruwa?

Ranar Litinin bayan la'asar, ina cikin haɗa jakar asibiti, ƙanen Sabi'u ya kira ni daga Kibiya ya ce tun da hantsi aka kai shi makwancinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a bakin gado, ko kukan ma na kasa, don gajiya ta riga ta cinye ni.

A ɗakin ƙarin ruwa na wani asibiti a Kano muka haɗu, inda ake ɗura wa masu ciwon daji magani ta jijiya. Kujeru takwas, fanka ɗaya mai ƙara, ga ɗacin magani har maƙogwaro. Mu biyu ne kawai ba mu kai talatin ba, har wata Hajiya ta taɓa tambayata wa na rako. Da ya ji ni malamin makaranta ne a Madachi, sai ya ce ashe ɗan gida ne. Daga nan muka riƙa shiga mota ɗaya daga Rano.

Manomi ne, kuma ya tsani a ce masa "ya jiki". Ya ce ya gaji da ƙaryar "da sauƙi". Sai ya ɗauko gaisuwar damina ya shigo da ita ɗakin. Zai kalli ledar ruwan maganin da ke rataye a kanka ya ce, "Malam, ya ruwa?" Ko amai kake, dole ka amsa, "Ya yi gyara." Har dattawan suka ɗauka. Ranar da nas ta soke shi sau uku ba ta sami jijiya ba, ɗaya hannun ya miƙa mata, ya ce shi ma haka yake yi wa ƙasa in yana shuka.

Bayan zagaye na huɗu na karɓar maganin na ce na bari, wallahi na gaji. Da sassafe sai ga shi a ƙofar gidanmu, ƙafa a kumbure. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, "In ba ka je ba, wa zai amsa mini?" Na saka takalmi na bi shi.

Saura mini zagaye biyu, gobe ne na farkonsu, kuma ba na son zuwa. Amma zan je, in gai da duk wanda na tarar a kujerarsa.

Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Allah Ya ba mahaifiyarsa da matarsa Hauwa haƙuri, Ya raya 'yarsa. Allah Ya saukar da ruwan rahama a kabarinsa, wanda zai yi gyara da gaske.