Lauyan Da Ba Ya Rubutu Sai Ya Taka Ƙasa

Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, ina tsaye a wani fili ina nuna wa mai saye iyaka, wayata ta yi ƙara. Babban ɗanka ne. Ko gaisuwa bai iya ba, cewa kawai ya yi, "Baba Dillali, Abba ya cika." Na ce masa to, kamar wanda aka gaya wa farashin siminti, na ci gaba da nuna iyaka. Sai da na kai turken ƙarshe na zauna a kan bulo. Allah ne Ya ba mu aron ka, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, mu ma muna kan hanya. Lauya, ashe da gaske tafiya za ka yi.

Ni dillalin gidaje da filaye ne, kai kuma lauya mai rubuta yarjejeniyar saye da haya, kuma kowa ya san sana'o'in nan biyu ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Ni so nake a sa hannu kafin mai saye ya sake tunani, kai kuwa so kake ya sake tunanin. Mu dillalai ne muka laƙaba maka suna Sai-Na-Gani, don duk kyan gida, duk zaƙin bakinmu, amsarka ke nan. Tun muna da baƙin gashi muke faɗa. Ka kashe mini ciniki ba adadi, na sha rantsuwa a gaban jama'a cewa ba zan ƙara taka ofishinka ba, washegari in hau benen nan da ke saman shagon fenti, in zauna a ƙarƙashin fankarka mai kuka, in shanye maka shayi. Ba ka taɓa tuna mini rantsuwar ba.

A bayan ƙofar ofishin akwai takalmin roba da ɗan ƙaramin shebur, baƙo ya gani sai ya ɗauka na mai shara ne. Naka ne. A kowace yarjejeniya akwai sakin layin da ke fayyace abin da ake nufi da "abu mai haɗari" a cikin gida ko fili, da kuma wanda zai ɗauki nauyinsa idan an same shi. Lauyoyi da yawa kwafo sakin suke yi daga tsohuwar takarda, su sauya sunaye kawai. Kai ba ka rubuta shi sai ka taka wurin da ƙafarka, kuma ka fi so bayan an ɗauke ruwan sama. Ka ce ruwa ba ya rufa wa ƙasa asiri: baƙin mai yana tasowa saman kududdufi, wari yana fitowa, inda ciyawa ta ƙi tsiro ya nuna kansa. Daga nan ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a layin, ka tambaye shi me ake yi a wurin a da. Sannan ka koma ka kira kowane abu da sunansa: baƙin mai, tankin da aka binne, maganin ƙwari, ruwan batir, dalma. Ka rubuta ko a sarari yake, ko a ƙarƙashin ƙasa, ko ya shiga rijiya. Ka rubuta wa zai kwashe, wa zai gwada bayan an kwashe, da abin da za a yi idan sai bayan shekaru ya bayyana. Kullum kana ce mini, "Dillali, abin da ba a ambata ba, mai saye ne zai ɗauke shi a ka."

Ba zan manta da wani tsohon gareji da wata mai gidan burodi ta so kamawa ba. Sama tarwai, babu alamar hadari, kai kuma ka kafe sai an yi ruwa. Haushi ya kama ni, na ce ko tankar ruwa zan hayo maka in yi maka damina? Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Hayo mana." Wallahi don in kunyata ka na hayo. Aka kwarara, kafin direban ya naɗe tiyo mai ya taso yana ƙyalli har bakin inda matar ta ce za ta gina tanda. Da hannuna na yanka cinikina, ka yi ta dariya har da riƙe ciki. Matar nan tana cikin masu kuka a gidanka ranar Talata, da garin fulawa a hannun rigarta, don daga bakin aiki ta taho.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce lambar waya ba. Maganar Auta ce.

Auta 'yata ce ta ƙarshe, kai ka riƙa sayo mata littafi tun tana firamare, Kawu take kiranka tun kafin ta san ba cikinmu ɗaya ba. Ita da mijinta, direban motar asibiti, sun daɗe suna zaman ɗaki ɗaya a gidan haya, ga yaronsu ya fara rarrafe. Sai Allah Ya kawo wani gida mai araha, an sake masa fenti, tsakar gidan a share tas, har da bishiyar lemo. Auta ta gani ta rikice. Ta zaɓi ɗakin yaro, ta auna labule. Ni kaina, da duk daɗewata a sana'a, ban ga aibunsa ba.

Mai gidan ya zo da tasa yarjejeniyar a shirye. A ciki an ce abu mai haɗari shi ne wanda aka ajiye a duro ko jarka a cikin gidan ranar ciniki, kuma duk abin da ya wuce haka, mai saye ya gani ya yarda. Babu duro, babu jarka, ke nan babu haɗari. Lokacin ciwon ƙodar nan ya riga ya ci ƙarfinka, ƙafafunka sun kumbura, likita ya hana ka hawa bene. Na kai maka takardar gida don ka duba a kwance. Ka karanta sakin, ka sake karantawa, ka ce, "Wanda ya rubuta wannan ya san me ke ƙasa." Sannan ka faɗi kalmar nan taka: sai na gani.

Na roƙe ka kada ka je. Maiɗakinka ta roƙe ka har da hawaye. Ka ƙi. Ranar da aka wayi gari da ruwa, ɗanka ya tallabe ka zuwa mota, takalmin roba ya ƙi shiga ƙafarka, ka tafi da silifa. Ba ka iya riƙe shebur ba, sai ka zauna a kan kujerar roba a tsakar gidan kana nuna mini inda zan haƙa. Ban yi nisa ba na fara tono ɓaraguzan baƙar roba da wata ƙasa mai launin toka. Wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin layin ya ce ai shekara da shekaru a nan ake farfasa tsofaffin batura ana narka dalmar ciki. Ka dubi jikana a hannun uwarsa yana tsotsar yatsa, ka ce da ita a hankali, "Auta, yaro mai rarrafe duk abin da ya taɓa baki yake kaiwa. Dalma ba ta sa zazzaɓi balle ki gani ki ruga asibiti. Ƙwaƙwalwa take ci, kuma abin da ta ci ba ya dawowa."

A gadon jinya ka sake rubuta sakin. Ka sa dalma da ruwan batir da sunansu, a ƙasa ko a ruwa. Ka ce mai gida zai kwashe gurɓatacciyar ƙasar ya zuba sabuwa, a gwada, kuma ba za a karɓi makulli ba sai gwaji ya nuna wurin ya tsarkaka. Mai gida ya yi tsalle ya dire, ya ce yana da wani mai saye a hannu. Auta ta tayar da hankalinta. Ta ce za su shafe tsakar gidan da siminti, ta ce kowa a layin yana zaune lafiya, ta ce Kawu ya tsufa, ciwo ya sa masa tsoro. Ta shigo ɗakinka tana kuka ta ce, "Kawu, kai kana da gidanka, shi ya sa." Ta juya ta fita. Tun daga ranar ba ta ƙara zuwa gaishe ka ba. Duk sanda na zo, kafin in zauna sai ka tambaya, "Ina 'yata?" In ce tana nan tafe. Ka ce, "Ƙyale ta, gara ta yi fushi da ni."

Ni da nake da baki kamar reza a wajen ciniki, na kasa shawo kan 'yar cikina. Na ɗauka akwai lokaci, ita ma haka ta ɗauka.

Bayan an kai ka makwancinka, muna zaman makoki, mai gidan ya aiko cewa haƙurinsa ya ƙare, ko a sa hannu a takardarsa ta farko ko ya sayar. Surukina ya ja ni gefe, ba don mugunta ba, gajiya ce. Ya ce, "Baba, mai ƙin yarda ɗin Allah Ya yi masa rasuwa, mu kuma mai gidan hayarmu ya ba mu notis." Ban san Auta tana bayanmu ba. Idanunta sun kumbura. Ta ce ko harafi ɗaya ba za a cire daga abin da Kawu ya rubuta ba, in mai gida ya yarda to, in bai yarda ba ya riƙe gidansa.

Bai yarda ba. Gidan ya kuɓuce. Na je da kaina na sami wanda aka ce zai saya, na gaya masa abin da shebur ya tono, abin da dillali bai saba yi ba, saura kuma tsakaninsa da Allah. Auta da mijinta da yaron sun tare a ɗakin da nake ajiye tarkace, labulen da ta ɗinka yana ninke a cikin akwati don ya fi tagogina tsawo. Ba ta yi kukan gidan ba ko sau ɗaya.

Jiya da safe ta same ni ina ɗaura agogo zan fita. Ta tsaya a bakin ƙofa da yaron a kafaɗa, ta ce, "Baba, ya san na daina fushi?" Lauya, na yi shekaru ina sayar da filin da ruwa ke kwanciya in ce lambu ne, amma wannan tambayar ban sami abin da zan ce ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ta daina. Ranar Talatar da ka cika ma ta shirya za ta zo gaishe ka da yamma, har ta yi wa yaron wanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ka tsare 'ya'yan mutane daga abin da ke ɓoye a ƙasa, Allah Ya sa ƙasar da ka kwanta a ciki ta yi maka sauƙi, Ya yalwata ta, Ya haskaka ta. Ga maiɗakinka da ta yi jinya ba ƙorafi, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, ina miƙa ta'aziyyata, ko da yake ni ma wanda za a yi wa ne. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sanyaya zuciyar Auta, Ya sa ka riga ka yafe mata.